Na haska ganyen zogale da na'urar XRF, zan iya dogara da abin da ta nuna?

Ummi_Agric:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana. Ina aikin digiri na biyu a kan ganyen miya da ake nomawa da ruwan kwata a bayan gari: alayyafo, latas, da zogalen da ake shukawa a bakin lambu. An ara wa sashenmu na'urar XRF ta hannu, irin mai siffar bindiga ɗin nan da ake ɗora wa abu a danna, sai ta jero sunayen sinadarai a fuskarta. Na tsinko ganye ɗanye daga lambu, na shimfiɗa a kan tebur, na haska. Zogale ya ba ni ƙarfe sama da 1000 ppm, wato miligiram a kilo, alhali abin da nake gani a rubuce bai kai ko kusa da haka ba. Dalma da kadmiyam kuma ta sa musu ND, wato ba ta gan su ba. Ga ƙarfe da yawa, ga babu guba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Zan iya sa waɗannan lambobin a kundina? Kuma zan iya cewa ganyen ba shi da dalma?

Dan_Lambu:
Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi! Ai mun daɗe muna faɗa cewa kayan lambunmu lafiya lau suke, 'yan boko ne ke ɓata mana suna. Yau ga na'ura ta faɗa da bakinta. Rubuta abinki 'yar uwa, Allah ya ba da sa'a.

Malam_Fiziks:
Dakata tukuna Ɗan Lambu. Malama Ummi, kafin komai, teburin da kika shimfiɗa ganyen a kai, na mene ne?

Ummi_Agric:
Na ƙarfe ne Malam, irin na lab mai fenti ruwan toka.

Malam_Fiziks:
To akwai yiwuwar rabin abin da kika auna teburin ne. Bari in yi bayani a hankali don waɗanda ba su san na'urar ba. Tana harba hasken eksire ne, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Hasken ya shiga cikin ƙwayar zarra, ya fizge elektiron ɗaya daga zagayen ciki, sai wani daga zagayen waje ya faɗo ya cike gurbin. A wannan faɗowar yake sakin haske nasa, kuma kowane sinadari da ƙarfin hasken da yake saki. Ƙarfe 6.40 keV (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), jan ƙarfe 8.05, zink 8.64, kalsiyam 3.69, fotasiyam 3.31. Henry Moseley ne ya nuna wannan tsarin a Ingila a 1913. Na'urar tana ƙirga hasken da ya dawo mata, daga ƙarfinsa ta san wane sinadari ne, daga yawansa ta lissafa nawa ne.

Matsalar ita ce ganye ɗaya bai isa ya tare hasken eksire ba. Ganyen zogale ma ɗan siriri ne, mafi yawansa ruwa da kabon. Hasken ya ratsa shi ya wuce, ya daki tebur, ƙarfen tebur ya amsa, amsar ta sake ratso ganyen ta dawo. Na'ura ba ta san ganye daban tebur daban ba. Ki gwada wannan: ɗauke ganyen, ki ninka shi da yawa, ki ɗora a kan roba mai kauri mai tsabta, ki sake haskawa. Za ki ga lambar ta sauya.

Kuma don Allah kada ki riƙe ganye a tafin hannu ki danna. Na san ɗalibai suna yi.

Tsohon_Lab:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ko da a kan roba ta haska, ni ba zan karɓi lambar ba. Na yi shekaru ina shirya samfurin tsiro, kuma abin da ya fi ɓata sakamakon ƙarfe shi ne ƙura. Ƙasa tana ɗauke da ƙarfe kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, wato 10,000 zuwa 50,000 miligiram a kilo. Busasshen ganye kuwa galibi 50 zuwa 300 yake da shi. Yi lissafi da kanki ƙanwata: in ƙura ta zama kashi 1 kacal cikin ɗari na nauyin samfurinki, kuma ƙurar tana da 30,000, ta ƙara miki 300 ke nan. Ta ninka lambarki ba tare da bishiyar ta tsotsi komai ba. Balle yanzu da hazon hunturu ya sauka, ƙurar da iska ke kwasowa tun daga Bodele a Chadi tana kwanciya a kan kowane ganye, ga ta hanya da motoci ke tayarwa.

Ga dabarar da za ki gane: duba titaniyam da alminiyam a jerin. Tsiro ba ya ɗaukar titaniyam sosai, ƙasa ce ke da shi. Duk samfurin da titaniyam ya tashi tare da ƙarfe, ƙasa ce ta shiga.

Abu_Kuza:
Ku yi haƙuri malamai, ni dai ban yarda da wannan raina na'urar da kuke yi ba. Da ita muke ciniki kullum. Mutum ya kawo buhun kuza ko dutsen dalma, a haska, a ga kashi nawa ne, a biya shi. Miliyoyin naira ke wucewa a kan abin da ta faɗa. In za ta iya wannan, ganyen miya ne zai gagare ta?

Malam_Fiziks:
Alhaji Abu, ba raina ta ake ba. A wurinka dalma kashi 40 ko 60 cikin ɗari take, kana neman abu mai yawa ne. Malama Ummi tana neman ɗigo cikin miliyan. Sannan na'urarka an saita ta ne don duwatsu da ƙarafa. Akwai saitin ma'adinai, akwai saitin ƙasa, akwai na gwangwani da ƙarafan masana'anta. Kowanne yana ɗauka cewa abin da ke gabansa yana da irin nauyi da haɗin da aka koya masa. Ganye kabon ne da haidirojin da oksijin, waɗanda na'urar ba ta ma ganinsu. In ka haska shi da saitin dutse, lissafin da take yi na yadda haske ke shanyewa a cikin samfur ba zai dace ba. Lamba za ta fito, har da ɗigo biyu a bayanta, amma ba ta ganye ba ce.

Malama Ummi, wane saiti kika sa?

Ummi_Agric:
Na ƙasa ne. Shi na tarar a kai, kuma babu na tsiro a cikin jerin.

Hajiya_Abinci:
Ni batun ND ɗin nan ya fi damuna, don shi zai iya cutar da mutane. Ummi 'yata, ND ba ya nufin babu. Yana nufin abin bai kai inda idon na'urar ke iya gani ba. Hukumar Codex ta FAO da WHO, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa iyakar dalma a ganyen ci 0.3 miligiram a kilo, kadmiyam 0.2, kuma a ɗanyen nauyi ake lissafin. Na'urar hannu ba ta fara ganin dalma sai ta kai 'yan miligiram a kilo, kadmiyam ma ya fi haka wuya. Ke nan ganye zai iya ninka iyakar sau biyar ko goma, ita kuma ta rubuta miki ND hankalinta kwance. Kamar ki ɗora zoben zinare ne a kan sikelin auna buhun masara, allura ba ta motsa ba, ki ce zoben ba shi da nauyi.

Ɗan Lambu, kai ma ka ji. Ba a ce kayanka da guba ba, ba a kuma wanke su ba.

Dan_Lambu:
Hajiya, mu dai kullum a kanmu abin ke ƙarewa. Wanda ya zubo ruwan rini da na jima a kogi ba a kama shi, sai mai alayyafo.

Kano_Ta_Dabo:
Wannan kam gaskiyarka ce. Duk wanda ya san Challawa da Sharaɗa da Bompai ya san abin da ke gangarowa daga masana'antun fata da na yadi, kuma ya san inda ruwan Jakara ke bi. Manomi bai ƙirƙiri ruwan ba, shi ya tarar. Amma dai yaran da ke cin ganyen namu ne, har da naka.

Malam Fiziks, kuromiyam fa? Shi ne ake jima da shi. Na'urar za ta gan shi?

Malam_Fiziks:
Za ta gan shi in yana da yawa, amma jimilla za ta ba ka. Kuromiyam iri biyu ne da suka dame mu: mai caji 3, wanda ake jima da shi, da mai caji 6, wanda shi ne mugun, mai jawo ciwon daji. XRF ba ta rarrabe su. Haka asenik, ba ta faɗa maka wane nau'i ne. Sinadarin take gani, ba ta ganin abin da ya haɗu da shi.

Tunda an zo nan, akwai wani tarko da ya kamata Malama Ummi ta sani. Babban layin dalma, wato ƙarfin hasken da ta fi saki, yana 10.55 keV, na asenik yana 10.54. Idon na'urar hannu ba ya raba abu biyu da suka kusanci juna haka, tazarar da yake iya rabawa ta kai wajen 0.13 zuwa 0.15 keV. Shi ya sa ake duba layin dalma na biyu a 12.6 don a tabbatar. Kadmiyam kuma ƙaramin layinsa yana 3.13, a gindin fotasiyam mai 3.31, ga shi ganye cike yake da fotasiyam, sai ya danne shi gaba ɗaya. Dole a koma babban layinsa a 23.2, wanda ke buƙatar bututun eksire mai ƙarfin lantarki 50 kV, kuma can ma ƙirgar ba ta da yawa. Kar ki tsaya kan jerin lambobi, ki sauke zanen hasken a kwamfuta ki ga tudun da idonki.

Bature_Baki:
Ni fa tun daga keV ɗin nan aka bar ni a tasha. A taƙaice dai, in ci gaba da cin kwaɗon zogale ko in daina?

Hajiya_Abinci:
Ci abinka ɗana, a dai wanke shi da kyau.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum. Ina son in kawo wani gefe, don kar a tashi da cewa XRF ba ta da amfani ga tsiro. Mu nan Nijar mun ga amfaninta a wajen hatsi. A 2018 aka fitar da irin gero mai suna Chakti, aikin cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tare da cibiyar binciken noma ta Nijar INRAN da shirin inganta sinadaran abinci na HarvestPlus. Ƙarfensa ya kai wajen 65 miligiram a kilo, inda irin da manoma suka saba shukawa ke wajen 47. Masu fitar da iri ba za su iya kai dubban layukan iri ga ICP ba, wato babbar na'urar lab da ke auna samfurin da aka narkar da asid, kuɗin asid da iskar agon kaɗai zai cinye aikin. Sai suka koma XRF ta kan tebur. A zuba tsabar gero a ɗan kofi, a sa a na'ura, cikin 'yan mintuna ƙarfe da zink sun fito, kuma tsabar tana nan ba ta lalace ba, ana iya shuka ta. Gero da shinkafa da alkama ana haska su da tsabarsu, masara da wake ne sai an niƙa saboda girman ƙwayar.

Amma ga sirrin. Ba saitin kamfani suke aiki da shi ba. Sun ɗauki samfurin gero masu yawa, daga mai ƙarancin ƙarfe zuwa mai yawa, suka auna su da ICP, sannan suka koya wa XRF da waɗannan lambobin. Saitin gero na gero ne kawai, ba a auna wake da shi. Kuma abin da suke so shi ne su zubar da layukan da ba su da kirki, su riƙe na sama. Waɗanda suka tsallake sai a kai su ICP a tabbatar.

Tsohon_Lab:
Madalla Ɗan Maraɗi, wurin da take da ƙarfi ke nan, tankaɗe. Kuma su ma suna duba alminiyam don gane hatsin da ya sha ƙasa a wurin sussuka.

Ummi, ga yadda za ki shirya samfurinki in kina son lambar da za ki iya karewa gaban malamai. Wanke ganyen da ruwan famfo, ki ɗauraye da tataccen ruwan lab, da sauri, kar ki jiƙa shi ya daɗe don fotasiyam yana fita. Ki shanya a oben a 60 zuwa 70 digiri har nauyinsa ya daina raguwa. Auna nauyi kafin da bayan busarwa ki rubuta, za ki buƙace shi. Sai niƙa, kuma a nan mutane ke zuba wa kansu ƙasa a ido. Injin niƙa mai haƙoran ƙarfe yana goge kansa cikin garin, ya ƙara miki ƙarfe da kuromiyam da nikel. Nemi turmin agat na lab, ko na tangaran. Gari ya yi laushi sosai, ya zama iri ɗaya.

In akwai matsi a sashenku, a matse garin ya zama dunƙule mai faɗin kwabo, fuskarsa sumul. In babu, akwai ƙananan kofunan roba da ake rufe gindinsu da siririyar leda ta musamman. Ki cika garin ya kai santimita ɗaya zuwa biyu, ki danna shi ya zauna, kowane kofi daidai da ɗan uwansa. Kar ki sa ledar kasuwa, tana shanye hasken ƙananan sinadarai, wata ma tana da nata zink ko titaniyam. Ki tsawaita lokacin haskawa zuwa minti biyu ko uku, ki juya kofin ki maimaita.

Ummi_Agric:
Na gode Baba, ina rubutawa. To batun saiti fa, tunda babu na tsiro?

Tsohon_Lab:
Akwai garin ganye da aka riga aka tantance abin da ke cikinsa, ana sayarwa da takardar shaida. Hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, tana da ganyen tumatir mai lamba 1573a, ganyen tuffa 1515, ganyen alayyafon Turawa 1570a, da garin shinkafa da na alkama. Ki haska su kamar yadda za ki haska naki, ki ga tazarar da ke tsakanin abin da na'ura ta ce da abin da takarda ta ce, ki zana layin gyara. Suna da tsada da dala, gaskiya, amma ki tambaya a manyan lab-lab, wani lokaci ana samun wanda zai ba ki ki haska ki mayar, tunda haskawa ba ta cinye shi.

Zazzau_Boy:
A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello. Suna da XRF ta lab, suna kuma da ƙaramin injin nukiliya NIRR-1 da ya fara aiki a 2004, wanda ake auna sinadarai da shi ta hanyar harba wa samfur nutiron. A Ile-Ife kuma cibiyar CERD tana da na'urar da ke yin irin wannan aunawa da furoton. Ki rubuta musu ta hannun mai duba aikinki.

Likitan_Kauye:
Bari in koma kan maganar Alhaji Abu, don akwai inda na'urar hannu ta ceci rayuka a ƙasar nan. A 2010 aka gano gubar dalma a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a Anka, da 'Yargalma a Bukkuyum. Yara sama da 400 suka rasu. Ana kawo dutsen zinare gida a daka a niƙa, dutsen kuma cike da dalma. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinya, ma'aikatan kamfanin tsabtace muhalli na TerraGraphics suna bin gida gida da irin wannan bindigar suna haska ƙasar tsakar gida. A wasu wuraren dalma ta haura 100,000 ppm, alhali ma'aunin Amurka na wancan lokaci don ƙasar da yara ke wasa a kai 400 ne. A nan ba a buƙatar ɗigo bayan lamba. Haska, ka ga ta yi sama, a kankare ƙasar a kawo sabuwa, a sake haskawa.

Abin da ya shafi aikin Ummi kuma: da aka bi diddigin abinci a can, an gano cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba daga gona ta shiga ba. Bayan girbi ne, a wurin shanya da sussuka da daka da niƙa a gidajen da ƙurar ta gurɓata. Don haka in kin wanke ganyenki tas da ruwan lab kafin ki auna, kin wanke wani ɓangare na abin da mutane ke ci. Ni a ganina kar ki wanke.

Tsohon_Lab:
A'a likita, a nan mun rabu. In ba ta wanke ba, ƙasa za ta auna ta kira ta ganye. Duk mai duba kundi da ya san aikinsa zai tambaye ta.

Likitan_Kauye:
Baba, cikin yaro ba ya tambaya ko daga jijiya dalmar ta hau ko daga iska ta sauka.

Hajiya_Abinci:
Ku biyun kowa da tambayar da yake amsawa. Baba yana son sanin abin da tsiro ya tsotsa, likita yana son sanin abin da ya shiga tukunya. Ni da ni ce, kashi uku zan raba kowane samfur: wanda ba a wanke ba, wanda aka wanke yadda uwargida ke wankewa a roba da ruwa biyu da ɗan gishiri, da wanda aka yi wa wankin lab. Bambancin da ke tsakaninsu ma kaɗai ya isa babi guda, kuma shi ne zai amfani mata a gida.

Sannan kar a manta da lissafin ɗanye da busasshe. Alayyafo da latas kusan kashi 90 cikin ɗari ruwa ne, ko fiye. Ke nan 0.3 a ɗanye ya zama wajen 3 a busasshe. Na sha ganin kundin da aka auna busasshen gari aka kwatanta shi kai tsaye da iyakar Codex, aka ce ya ninka sau goma, aka tayar wa mutane da hankali a banza.

Malam_Fiziks:
Wannan lissafin na Hajiya yana da wata fa'ida. Busarwa tana tattara sinadarin, don haka 3 a busasshe ya matso kusa da inda na'ura mai kyau, da dogon lokacin haskawa, za ta fara hango dalma. Amma a bakin iyaka ke nan, inda kuskuren ya kusa kai girman lambar. Ba wurin yanke hukunci ba ne. Dalma da kadmiyam a narkar da samfur da asid a kai manyan na'urorin lab, ICP-MS ko AAS mai tanderun girafayit. Akwai kuma wata 'yar uwar XRF da ake kira TXRF, wadda ake ɗiga narkakken samfur a kan gilashin kwaz a haska shi a kwance, tana gani ƙasa sosai fiye da ta hannu, sai dai ba ko'ina ake samunta ba.

Sadiya_Botany:
Ku ba ni dama in ɗan kauce. Haska ganye kai tsaye ba haramun ba ne a kimiyya, ya danganta da abin da ake nema. Masu binciken tsirrai suna bin ɗakunan ajiyar busassun ganye da bindigar nan suna haska dubban samfur ba tare da sun yage ko ɗaya ba, suna neman tsirran da ke tara ƙarafa irin su nikel fiye da kima. A tsibirin Niyu Kaledoniya akwai bishiya mai suna Pycnandra acuminata, ƙaronta shuɗi-kore ne saboda nikel, wajen kashi 25 cikin ɗari in ya bushe. Ana kiran tsiro mai tara nikel in ganyensa ya haura 1000 miligiram a kilo. Irin wannan ko ganye ɗaya ka haska zai yi ihu. Ta haka aka gano sababbin nau'o'i da yawa. Abin dariya, tsofaffin samfur kan nuna makuri mai yawa, saboda da can da gubar makuri ake shafe su don kar ƙwari su ci. Kuma su ma suna sa faranti mai tsabta da suka san abin da ke cikinsa a ƙarƙashin ganyen, ba teburin lab ba.

Maman_Hanifa:
Ni ba 'yar kimiyya ba ce, amma na ji an ce a Bangaladash an kama masu sa wa kurkum fenti. Da wannan na'urar ce?

Likitan_Kauye:
Da ita ce Maman Hanifa. Masu sarrafa kurkum suna shafa masa wani rawayan fenti mai dalma da kuromiyam don ya yi kyau a ido. Masu bincike daga Jami'ar Stanford da cibiyar binciken lafiya icddr,b ta Dhaka suka bankaɗo abin a 2019, hukuma ta shiga kasuwanni da na'urar tana haskawa a gaban 'yan kasuwa, abin ya ragu ƙwarai. Can dalmar ɗaruruwan ppm ce, ga kuromiyam yana tashi tare da ita, ba a buƙatar wani dogon shiri. Kwallin da ake sa wa jarirai ma in aka haska irin na dutse mai ƙyalli, dalma ce zalla kusan. Wannan kam ku daina sa wa yara.

Maman_Hanifa:
Innalillahi. Kakarsu ce ke sa musu, sai na san yadda zan faɗa mata.

Abu_Kuza:
To kun gani, ashe dai bindigar tamu tana aiki. Malam Fiziks, sai ka janye.

Malam_Fiziks:
Ban ce ba ta aiki ba Alhaji. Kai dai ka daina ɗora dutse a cinyarka kana haskawa, kuma ka tabbata tana da rajista da hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Nijeriya, don doka ta shafi duk na'urar da ke fitar da irin wannan hasken.

Injiniya_Hauwa:
Shawara ɗaya ga Ummi in za ta kai samfur waje. Na taɓa kai gari wani lab mai zaman kansa, na raba samfur ɗaya gida biyu na ba su lamba daban ba tare da na faɗa musu ba. Sakamakon da ya dawo ko kusa ba su yi da juna ba. Ki yi haka ke ma, ki kuma cusa garin NIST ɗin nan a ciki da lambar ɓoye in kin samu. ICP ma hannun mutum ke sarrafa ta, in asid ɗin ba mai tsabta ba ne ko kwalaben ba su wanku ba, dalma za ta fito daga inda babu ita.

Ummi_Agric:
Na gwada abin da Malam ya ce ɗazu. Na tara ganye da kauri a kan murfin roba, ƙarfen ya sauko sosai, kuma akwai titaniyam a jerin, a na bakin hanya ya fi yawa. Zan kai wa mai duba aikina shawarar a yi ƙarfe, zink, manganis, kalsiyam da fotasiyam da XRF a kan busasshen gari, dalma da kadmiyam kuma a zaɓi wasu a kai waje gwargwadon kuɗin da ke akwai. Ban san ko zai yarda da kashi ukun Hajiya ba, don samfurin zai ninka.

Tsohon_Lab:
Manganis ki yi hattara da shi in kuromiyam ya yi yawa, layukansu suna hawa kan juna. Naitirojin da boron kuma kar ki ma neme su, ba ta ganinsu. Fosfaras da salfa suna fita, amma hasken nasu mai rauni ne, iska da leda suna cinye shi, sai na'urar da ke zuƙe iska ko mai hiliyam.

Dan_Lambu:
Duk na ji. Amma in an gama aunawa aka ce ruwan ne, wane ruwa za mu koma? Rijiyar burtsatse nawa take yanzu? 'Yar uwa in kin zo ɗibar ganye, ki haska mana ƙasar lambun ma, tunda an ce a ƙasa na'urar ta fi gani.

Likitan_Kauye:
Wannan ya fi komai sauƙi, kuma saitin da ke kanta ma na ƙasa ne. A busar da ƙasar a tankaɗe tukuna. Ni har yanzu ina kan bakana game da wanki, Baba Tsohon Lab.

Hajiya_Abinci:
Wani abu da ba a taɓo ba: ko ƙarfen zogale ya tabbata da yawa, ba duka jiki ke ɗauka ba. Ƙarfen tsiro yana da wuyar shiga jini, ga sinadarai a ganye da hatsi da ke riƙe shi, shayi bayan abinci ma yana ƙara hanawa, lemun tsami kuma yana taimakawa. Na'ura ba ta san wannan ba.

Maman_Hanifa:
To garin kuka da na kuɓewa da muke saya a kasuwa fa? An riga an busar an niƙa. Ba sai a zuba a kofin a haska kawai ba?

Tsohon_Lab:
Za a iya, ya ma fi ɗanyen ganye sauƙi. Sai dai a ƙasa aka shanya shi, a injin unguwa aka niƙa, kin ga ƙarfen da zai fito na mutum uku ne: kuka, ƙasa da haƙoran inji. Ummi, in kin sami sarari ki sayo na kasuwa biyu ko uku, ki daka naki a turmin agat, mu ga titaniyam ɗin kowanne.